KO ƘAFAFUN HUNTURU NA WATA MOTA SU KAN SHIGA WATA?

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, kamar su Jamus, da Ostiriya, da Suwidin, da Finlan, da Kanada, da zarar watan Oktoba ya kama sai motoci su yi jerin gwano a ƙofar masu sana'ar taya. Ba faci ya kai su ba. Al'adar mutanen can ce mai mota ya mallaki ƙafafu takwas, huɗu na bazara, huɗu na hunturu, yana sauyawa sau biyu a shekara. Abin da mu ke nufi da ƙafa a nan shi ne taya haɗe da rim ɗinta, watau ƙarfen nan mai zagaye wanda a ke ɗaura tayar bisansa. Jamusawa har suna da wani ƙa'idar baka, su kan ce daga Oktoba zuwa Ista, domin ko wanne ya fara da harafin O a bakinsu. A Suwidin da Finlan kuwa akwai manyan ɗakunan ajiya da su ke kira otal ɗin taya, inda mutum ke biya a adana masa ƙafafun da ba lokacinsu ba.

To, mota ba ta dawwama a hannun mai ita. Mutum ya kan sayad da tsohuwa ya sayi sabuwa, ko ya zama gida ɗaya da motoci biyu, ko maƙwabci ya ba shi ƙafafun da suka rage masa. Ga ƙafafu huɗu a ajiye, lafiya lau, an kashe musu ɗaruruwan Yuro. Nan ne tambaya ke tasowa ko wace kaka: shin za a iya ɗaura wa wannan mota ƙafafun waccan? Amsa ita ce a kan iya, amma da sharuɗɗa, kuma ido ba ya cikin masu ba da shaida. Awo ne ke hukunci, sa'an nan takarda ta tabbatar. Za mu bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya kuskure ɗaya daga cikinsu ya sa ransa da na jama'a cikin haɗari, ko da ya ke mota za ta tashi ta yi tafiya kamar babu kome.

DALILIN TAYAR HUNTURU

Roba tana da halin da ya kamata a sani. In sanyi ya yi yawa sai ta sandare, ta daina kama hanya. Masu yin taya sun daɗe suna cewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, tayar bazara ta fara rasa ƙarfinta. Saboda haka a ke haɗa tayar hunturu da roba mai laushi wadda sanyi ba ya sandarar da ita, a yi mata zane mai zurfi, a kuma tsattsaga fuskarta da ƙananan tsagogi masu yawan gaske, waɗanda ke cizon ƙanƙara sa'ad da ƙafa ke juyawa. A Finlan aka fara yin irin wannan taya cikin 1934, domin manyan motocin kaya, a kamfanin da yanzu a ke kira Nokian. Cikin 1936 suka fito da ta ƙananan motoci.

Da can abin ganin dama ne, amma yanzu doka ta shiga. A Jamus tun ran 4 ga Disamba, 2010, an hana tuƙi bisa ƙanƙara ko santsinta sai da tayar hunturu. Direban da aka kama zai biya tarar Yuro 60, in ya tare wa jama'a hanya ta zama 80, kuma a rubuta masa laifi ɗaya a littafin hukuma. Mai motar da ya yarda aka fita da ita haka shi ma zai biya Yuro 75. A Ostiriya dokar tana aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu in hanya ta yi ƙanƙara, kuma ba a lissafa taya ta hunturu ce sai zurfin zanenta ya kai milimita 4. A Suwidin daga 1 ga Disamba ne zuwa 31 ga Maris, zurfin zane milimita 3. A lardin Kwibek na Kanada tilas ne bisa ko wace ƙaramar mota tun 2008, ko da ƙanƙara ko babu, kuma tun 2019 wa'adin ya kama daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tara kuwa dala 200 zuwa 300 ta Kanada. Faransa ta bi sahu cikin 2021 a gundumominta na duwatsu.

Abin da ya ƙara tsananta maganar shi ne sauyin da aka yi a Jamus ran 1 ga Oktoba, 2024. Kafin ranar, tsohuwar taya mai ɗauke da haruffan M+S kaɗai tana wucewa a matsayin ta hunturu, muddin an yi ta kafin 2018. Amma waɗannan haruffa ba su nuna an jarraba tayar ba, ko wane kamfani na iya buga su. Daga ranar nan sai taya mai tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, domin wannan tambari ba a ba da shi sai an gwada tayar bisa ƙanƙara ta ci jarrabawa. Watau dare ɗaya tayoyi masu yawa da ke ajiye a gidaje suka fita daga doka. Wanda aka ba kyautar tsofaffin ƙafafu, kafin ya ɗauko sifana, sai ya fara duba gefen tayar ya ga ko tambarin nan na nan.

RAMUKAN NOTI

Sharaɗi na farko shi ne ramukan da noti ke shiga. Yawanci rim yana da ramuka huɗu, ko biyar, ko shida, jere bisa wata da'ira. Masu ƙera mota su kan rubuta yawan ramukan da faɗin da'irar da milimita. In an ga 5x112, ma'ana ramuka biyar bisa da'ira mai faɗin milimita 112. Wannan shi ne awon Mercedes da yawancin motocin Volkswagen da Audi na zamanin nan. Toyota Camry da Honda Accord, da motocin Nissan da Mazda da Hyundai masu yawa, nasu 5x114.3 ne, watau inci huɗu da rabi ke nan aka mayar milimita. Volvo da Ford Focus 5x108. Peugeot 206 da 406 kuwa 4x108.

A nan haɗari ya ke. Tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kacal, watau ko wane rami ya goce daga wurinsa da milimita ɗaya da ɗan ɗori. Ido ba ya ganin wannan. Mai ƙarfin hannu na iya tura rim ɗin, ya ɗaure noti biyar, ya ce ai ga shi ya shiga. Amma ko wane noti ya zauna a karkace, gefe ɗaya ya ciza, gefe ɗaya yana lilo. Ƙafar mota kuwa tana juyawa wajen sau 500 cikin ko wace kilomita, kuma a ko wane juyi ƙarfen notin yana ɗan lanƙwasa yana miƙewa. Ƙarfen da a ke yi wa haka ya kan gaji, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Ran da notin farko ya karye, nauyinsa ya koma bisa sauran huɗun, su kuwa ba za su jima ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Kada kuma a ce tun da kamfani ɗaya ya ƙera motocin biyu, lalle awonsu ɗaya ne. Volkswagen Golf ta huɗu, wadda ta fito cikin 1997, tana da 5x100, amma ta biyar, ta 2003, ta koma 5x112. Kamfanin BMW ya shekara da shekaru bisa 5x120, sa'an nan ya sauya. Motarsa mai lamba 3 wadda aka fara sayarwa cikin 2019 tana da 5x112. Mutumin da ya sayad da ta 2016 ya sayi ta 2020, suna ɗaya, tambari ɗaya, amma ƙafafun da ya ajiye ba su da sauran amfani gare shi.

RAMIN TSAKIYA DA MAZAUNIN NOTI

Sharaɗi na biyu shi ne babban ramin da ke tsakiyar rim. A jikin mota akwai wata cibiya ta ƙarfe da ta ɗan turo waje, ita ce ke shiga ramin nan ta daidaita ƙafa a tsakiya sosai kafin a ɗaure noti. Ta Volkswagen milimita 57.1 ce, ta Mercedes 66.6, alhali ramukan notinsu ɗaya ne. Saboda haka rim ɗin Golf ba ya shiga Mercedes ko kaɗan, ramin ya yi ƙanƙanta. Na Mercedes kuwa ya kan shiga Golf, amma da sarari na milimita 9.5, sai an sa wani zobe da a ke ƙerawa musamman ya cike gurbin. In babu zoben, ƙafa ta kan zauna a ɗan goce, sitiyari ya riƙa kakkarwa in an yi gudu.

Haka abin ya ke tsakanin motocin Japan da Koriya. Cibiyar Camry 60.1 ce, ta Accord 64.1, ta Nissan 66.1, ta Mazda da Hyundai 67.1, duk kuwa bisa 5x114.3. Dokar a nan mai sauƙi ce: babban rami na iya sauka bisa ƙaramar cibiya da taimakon zobe, ƙaramin rami ba ya hawa babbar cibiya. Wanda ya kai rim wurin maƙeri a ƙara masa faɗin rami ya raunana shi, kuma a ƙasa kamar Jamus ya fid da shi daga doka.

Sharaɗi na uku shi ne notin kansa, kuma shi aka fi mantawa. Bakin ramin da noti ke zama iri uku ne. Akwai mai siffar mazurari, akwai mai siffar rabin ƙwallo, akwai kuma shimfiɗaɗɗe wanda a ke ɗaurewa da noti mai wasa. Rim ɗin da Volkswagen, da Mercedes, da Honda ke fitarwa daga masana'anta mai rabin ƙwallo ne, ko da ya ke girman ƙwallon ya sha bamban. Na alminiyon da Toyota ke sa wa motocinta yawanci shimfiɗaɗɗe ne. Wanda wasu kamfanoni ke yi domin kasuwa kuwa galibi mai mazurari ne. In aka sa noti mai ƙwallo cikin rami mai mazurari, wurin da su ke haɗuwa bai fi kaurin zare ba, sai ya ci ƙarfen rim a hankali ya kwance.

Ga kuma zaren notin. Volkswagen na aiki da mai kauri milimita 14, Toyota da Honda a yawancin ƙananan motocinsu mai 12. Nissan da Subaru su ma mai 12 ne, amma zarensu ya fi siriri, ba ya hawa na Toyota. Abin da za a riƙe shi ne wannan: zaren noti na mota ne, mazauninsa kuwa na rim ne. In an ɗauko rim daga wata mota, tilas a sami notin da zarensa ya dace da sabuwar mota, kansa kuma ya dace da tsohon rim, tsawonsa kuma ya zama daidai. Gajere ba ya kama zare isasshe, dogo ya kan taɓa kayan birki daga ciki.

ZURFIN ZAMA DA BIRKI

Sharaɗi na huɗu shi ne yadda ƙafa ke zama cikin rumfarta, ko ta shige ciki ko ta turo waje. In an juya rim za a ga rubutu kamar haka: 6.5J x 16 ET46. Lamba ta farko faɗin rim ne da inci, ta biyu tsayinsa da inci. ET kuwa gajarta kalmar Jamusanci ce, tana nuna milimita nawa ne tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da mota. In lambar ta yi yawa, ƙafa ta shige ciki ta riƙa gogar ƙarafan da ke riƙe da ita. In ta yi kaɗan, ƙafa ta turo waje ta goga bakin rumfa sa'ad da aka karya kwana ko aka faɗa rami, boris kuma ya ɗauki nauyi ta inda ba a shirya masa ba, ya mutu da wuri. Bambancin milimita kaɗan a kan iya jure shi, amma hukuncin na takardar mota ne.

Sa'an nan akwai birki. Motocin yanzu sun fi na da nauyi da gudu, saboda haka faifan birkinsu ya fi girma. Rim mai inci 15 ko 16 da ya zauna lafiya bisa tsohuwar mota ya kan ƙi rufe birkin sabuwa, ko ya rufe amma ƙarfen da ke matse faifai ya riƙa taɓa shi. Motocin lantarki sun ƙara fito da wannan fili. Volkswagen ID.3, wadda ta shiga kasuwa cikin 2020, ramukan notinta da cibiyarta daidai su ke da na Golf. Amma ƙaramin rim ɗin da ta ke fitowa da shi mai inci 18 ne, kuma batirinta ya sa ta fi Golf nauyi da kusan rabin tan. Ko wane rim yana da iyakar nauyin da aka jarraba shi a kai. Wanda ya koma motar lantarki yana sa ran tsofaffin ƙafafunsa za su bi shi, yawanci sai ya sake sayen wasu.

LISSAFIN DA KE GEFEN TAYA

Ga wani aiki da malaman makaranta za su iya ba yara a darasin lissafi. A gefen ko wace taya akwai rubutu irin wannan: 205/55 R16 91H. Lamba 205 faɗin taya ne da milimita. Lamba 55 tana nufin tsayin gefenta kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin, watau milimita 112.75. Lamba 16 tsayin rim ne da inci, in an mayar milimita ya zama 406.4. To, a haɗa gefe biyu, na sama da na ƙasa, da rim, za a sami milimita 632 in an cike. Wannan shi ne tsayin ƙafa duka.

In aka yi wannan lissafi bisa 195/65 R15 za a sami 634.5, bisa 225/45 R17 kuma 634.3. Ashe tayoyi uku masu lambobi dabam dabam tsayinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa a kan ga mota ɗaya an yarda mata da dukan ukun. Amma a gwada 215/60 R16, irin wadda Camry ta 2007 ke ɗauka: tsayinta 664 ne. Ita da 205/55 R16 duk rim mai inci 16 su ke hawa, amma ta fi ta da milimita 32, watau kashi 5 cikin ɗari.

Me wannan zai jawo? Agogon gudu ba hanya ya ke aunawa ba, juyin ƙafa ya ke ƙirgawa. In ƙafa ta ƙara tsayi da kashi 5, mota za ta riƙa gudun da ya fi abin da aka saba gani a agogo da kilomita 5 cikin ko wace 100. Dokar ƙasashen Turai kuwa ta ce agogo na iya nuna fiye da gudun gaskiya kaɗan, amma ba a yarda ya nuna ƙasa da shi ba ko da kilomita ɗaya. Ban da haka, na'urorin da ke hana birki ƙullewa da masu hana mota zamewa duk da juyin ƙafa su ke aiki, kuma bisa ƙanƙara ne aka fi bukatarsu.

Saura lamba 91 da harafin H. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 615. Da 94 ce, kilo 670. Da 98 ce, kilo 750. Ba a yarda a sa taya mai lamba ƙasa da wadda aka rubuta wa mota ba, ko bazara ko hunturu. Harafin kuwa iyakar gudu ne: H kilomita 210 a sa'a, T 190, Q 160. A nan doka ta yi sassauci. A kan yarda tayar hunturu ta zama mai harafi ƙasa da gudun mota, in dai an manna takarda a gaban direba mai tuna masa iyakar, ko an sa ta cikin allon mota, kuma bai ƙetare ta ba.

NA'URAR ISKA DA TAKARDAR HUKUMA

Akwai wani sharaɗi da mutanen da ba su san shi ba. Bayan haɗurran da aka yi a Amurka da tayoyin Firestone bisa motocin Ford Explorer, majalisar ƙasar ta yi doka cikin 2000, wadda ta kai ga tilasta wa sababbin ƙananan motoci na'urar da ke faɗakar da direba in iskar taya ta ragu, daga Satumba 2007. Tarayyar Turai ta tilasta haka daga 1 ga Nuwamba, 2014. Na'urar iri biyu ce. Wata tana lura da juyin ƙafa ne kurum, kamar ta Golf, wannan ba ta da matsala, sai a danna maɓalli ta sake koyo. Wata kuwa ƙaramar aba ce mai batir da ke manne cikin rim a gindin bakin iska, tana aika saƙo ga mota ta rediyo. Ko wane kamfani da irin harshen da tasa ke ji, kuma zangon rediyon da aka saba da shi a Amurka dabam ya ke da na Turai. In ƙafa ta zo daga wata mota, sau da yawa sabuwar ba ta jin saƙonta, sai fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa. Gyaran wannan sai an cire tayoyi huɗu an sa sababbin na'urori, kuɗin kuwa ya kan cinye rabin ribar da a ke nema.

Bayan awo sai takarda, kuma a nan Jamus ta fi kowa tsanani. Ko wace mota tana zuwa da takardar shaida daga masana'anta wadda ta jera girman rim da taya da aka yarda mata. Rim ɗin da wani kamfani ya ƙera domin kasuwa kuwa yana da lambar hukumar motoci ta ƙasa da ke birnin Filensbag, da takardar izini da su ke kira ABE, wadda ta lissafa motocin da aka jarraba shi bisansu ɗaya ɗaya, da irin notin da za a sa. In sunan motarka ba ya ciki, ko da awo ya yi daidai, sai ka kai ta wurin masu binciken mota, irin su TÜV, su duba su rubuta. Wanda ya ƙi, izinin hawa hanya na motarsa na iya faɗuwa, in kuma haɗari ya auku saboda ƙafar, ya shiga rigima da kamfanin inshora. Akawuna sun san wannan tun tuni: abin da ba ya cikin fayil, ko gaskiya ne, wahalar tabbatarwa gare shi. A Amurka da Kanada ba a bin rim da takarda haka, nauyin yana bisa mai mota da mai gareji, amma ƙarfe bai san iyakar ƙasa ba, yadda ya ke karyewa a Jamus haka ya ke karyewa a Kwibek.

TO, INA MAFITA?

In aka tattara, ƙafa sukutum ta fi sauƙin ƙaura tsakanin motocin da aka gina bisa ƙashi ɗaya. Golf, da Audi A3, da Skoda Octavia, da Seat Leon na zamani ɗaya 'yan gida ɗaya ne, ramukansu da cibiyarsu da notinsu ɗaya, saura a duba ET, da birki, da nauyi. Tsakanin kamfanoni biyu da ba su da dangantaka kuwa, da wuya sharuɗɗan su cika gaba ɗaya.

Amma akwai hanya ta tsakiya wadda mutane ke mantawa. Taya ba ta san ramin noti ba, ba ta kuma san cibiya ba. In girman taya, da lambar nauyinta, da tambarinta sun dace da sabuwar mota, sai a cire ta daga tsohon rim a ɗaura bisa wanda ya dace, a daidaita ta, a sayad da tsohon rim ga mai irin waccan mota. Kafin a yi wannan wahala sai a duba shekarunta. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: in an ga 3519, an yi ta cikin mako na 35 na 2019. Roba tana bushewa ko a ajiye ta ke, kuma ta hunturu laushin nan shi ne dukan amfaninta. Manyan kamfanoni irin su Michelin sun ce kada taya ta wuce shekara 10 bisa mota, ko da zanenta bai cinye ba. A kuma lura da kibiyar da ke gefen yawancin tayoyin hunturu, wadda ke nuna inda za ta fuskanta, a sa huɗun duka iri ɗaya, a ɗaure noti da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin mota ya faɗa, sa'an nan a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mai karatu na iya cewa mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙara ta rufe hanya ba, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne tayar da Turai ta yar ba duka a ke ƙonewa ko niƙawa ba. Wadansu su kan biyo jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma, a jikin motoci 'yan Kwatano ko cikin kaya, duk da ya ke tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin abubuwan da hukumar kwastan ta Nijeriya ta hana shigowa da su. Tayar hunturu kuwa ta fi ruɗin mai saye, domin wadda Ba'ostiriye ya cire saboda zanenta ya gaza milimita 4, a idon wanda ya saba da sulɓaɓɓiyar taya kamar sabuwa ce. Alhali robar da aka haɗa domin sanyin ƙasa da digiri 7 ce za a ɗora bisa kwaltar Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40. A can sai ta ƙara laushi, ta cinye da sauri, birki kuma ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya.

Saboda haka tambarin dutsen nan mai kai uku, wanda Bajamushe ke nema domin ya tsira daga tara, shi ne wanda ya kamata mai saye a ƙasan nan ya tsaya ya yi tambaya in ya gan shi, musamman bisa taya mai tsagogi da yawa. Maganar ramukan noti, da cibiya, da mazauni kuwa, babu ruwanta da hunturu. Duk wanda ya je kasuwar kayan mota neman rim na safaya, ko ya ari ƙafa a hanya domin tasa ta fashe, sharuɗɗan nan duka suna bisa kansa. Mai faci zai iya ce maka ya shiga, amma shiga ba ita ce dacewa ba. A karanta lambar da ke jikin ƙarfe, a gwada ta da littafin mota, in sun saɓa a haƙura. Araha ba ta ado, kuma garin neman gira ba a so a rasa ido.